Sufeto Yosiya, Wanda Ba Ya Bari a Durƙusa Masa

Kafin motocin ma'aikatan Abuja su fara tsere a kan titin Keffi, Sufeto Yosiya ya riga ya tashi. Da kansa yake hura gawayin dutsen guga, don ya ce wutar lantarki ba ta da alkawari, kuma matarsa Priskila ba ta iya fitar da karin wando yadda yake so ba. Ita kuwa cewa take yi tun da suka yi aure ba ta ga abin da karin wandon ya ƙara musu ba. In ya gama sai ya sa kaki, ya karanta 'yar ayarsa a tsaye, ya sha kunun gyaɗa, ya turo tsohon babur ɗinsa daga zaure. Duk Sabon Gari an san muryar babur ɗin nan. Makanikai sun ce su ba gyara suke masa ba, lallashinsa suke yi.

Daga ƙofar gidansa zuwa bakin titi ba nisa, amma tafiyar tana cin lokaci saboda gaisuwa. Mai ƙosai za ta gaishe shi, mai faci zai ɗago daga kan taya, 'yan acaɓa za su danna masa hon. A nan ne baƙo yake ganin abin mamaki. Duk wanda ya soma lanƙwasa gwiwa zai durƙusa masa, yaro ne ko babba, sai ka ga dattijon ya yi wuf ya kama shi a kafaɗa.

"Tashi, tashi! Gaishe ni a tsaye, ina jin ka."

Har abin ya zame masa suna. Ka tambayi Sufeto Yosiya a tasha, wani zai tsaya tunani. Ka ce Baba Tashi-Tashi, har mai tallan lemo za ta nuna maka inda ya bi. Wasu sun ɗauka tawali'u ne kawai, wasu sun ce wani salo ne na cocinsu. Ba haka ba ne. Abin yana da mafari, kuma tunda a watan nan ya ajiye kaki bayan shekara talatin da biyar, lokacin faɗinsa ya yi.

Ɗan Mada ne daga wajen Akwanga. Ya shiga aikin ɗan sanda tun Keffi tana ƙarƙashin Filato, lokacin da kowa ya san motar kowa a garin. Da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa, Abuja kuma ta fara cika tana tunkuɗo mutane waje, sai gari ya sauya. Gonaki suka koma fulotai, haya ta yi tsada, ɗalibai suka cika unguwanni. Dukiya ta hau hanya, ɓarayi suka biyo ta, aka yi ta kafa shingayen bincike ana turo sababbin 'yan sanda daga ko'ina cikin ƙasa.

Cikin waɗanda aka turo akwai wani kurtu mai suna Monday. Ɗan can kudu ne, bakin ruwa, bai taɓa ƙetare Lakwaja ba sai da aiki ya kawo shi. Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "nawa ne" ba. Bariki babu ɗaki, don haka a kan bencin caji ofis yake kwana, jakarsa ce matashi. Yosiya, lokacin yana Saja, ya duba ya ga abin bai yi ba, ya ɗauko shi ya kawo gida. Priskila, wadda 'ya'yanta duk mata ne, ta share masa ɗakin zaure da murna. Monday ya koyi cin tuwo da miyar karkashi, ya shiga ƙungiyar mawaƙan coci, yana kiran su Papa da Mama. Saurayi ne mai yawan dariya, ga shi da kaki da bindiga amma yana tsoron karen maƙwabta.

Gidan yana da wata baƙuwar ta kullum. Yelwa, Bafulatana daga wata ruga da ke kan hanyar Nasarawa, ta daɗe tana kawo wa Priskila nono da man shanu. In ta tarar da Monday a tsakar gida takan ƙara masa ludayi guda kyauta, don yadda yake karya Hausa yana ba ta dariya. Ɗanta na fari, Jalo, Yosiya ya san shi tun yana biyo uwarsa riƙe da gefen zaninta. Amma Monday bai taɓa ganinsa ba, saboda tun kafin ya zo Keffi Jalo ya tafi kiwon rani da shanu wajen Loko. Sai farkon damina ya dawo, ya tarar da matarsa Umaima cikinta ya tsufa.

Ranar wata Asabar ce, bayan la'asar, gari da haske sarai. An sa su Yosiya aiki a wani shinge a bayan gari. Ba a daɗe ba da 'yan fashi suka buɗe wuta a wani shingen suka kashe wani kofur, wanda Monday yakan ci abinci tare da shi. Tun daga ranar dariyar Monday ta ɗauke, yatsansa kuma bai ƙara barin kan kunamar bindiga ba. Yosiya ya lura da haka, ya ce a ransa in sun koma gida zai zaunar da shi su yi magana.

Sai ga Jalo a kan babur, ya ɗauro buhun dusa da kanwa daga kasuwa. Ba wanda ya tsayar da shi. Shi ne ya hango Baba Yosiya zaune a gindin mangwaro, mutumin da ya yi watanni bai gani ba, ya ga bai dace ya wuce ba. Ya kafe babur, ya taho da sauri yana murmushi a ƙarƙashin rawaninsa. Ya yi abin da aka rene shi a kai. Ya zaro sandar da ke rataye a bayansa don ya ajiye ta a ƙasa, tunda ba a gaishe da babba da sanda a hannu. Ya zare takalman robarsa, ya durƙusa.

Monday yana tsallaken titi. Ya ga mata suna rusunawa a coci, amma bai taɓa ganin yadda makiyayi ke gaishe da babba ba. Abin da idonsa ya nuna masa shi ne wani mutum mai rufaffiyar fuska ya nufi Papa da sauri, ya zaro wani dogon abu daga bayansa, ya sa gwiwa a ƙasa. Harbi ɗaya ya yi.

Yosiya ya riga ya buɗe baki zai amsa gaisuwar.

A bayan motar sintiri, a kan cinyar Yosiya, Jalo ya buɗe ido ya dube shi. Babu fushi a fuskarsa, mamaki ne kawai. Ya ce, "Baba, gaisuwa ce fa." Bai kai asibiti da rai ba.

Shugaban ofishinsu na lokacin, wanda ba sai an ambaci sunansa ba, ba mugu ba ne a yadda mutane ke auna mugunta. Mutum ne mai son a rufa asiri a wuce wurin. Kafin magariba ya kira Yosiya, ya rufe ƙofa.

"Saja, zauna. Abin da ya faru ya riga ya faru. Yaron nan ba a gidanka yake ba?"

"A gidana yake, yallaɓai."

"To ka san kisan kai za a ɗora masa. Kana so ka ga an rataye ɗanka saboda wani mutumin daji? Akwai bindiga ƙirar gida a ɗakin kayan shaida. A ajiye ta a gefen gawa, a ɗauki hoto, a ce ɗan fashi ne ya kawo hari aka riga shi. Kai kaɗai ka ga abin da kyau. Ba ma ƙarya na ce ka yi ba, shiru kawai za ka yi. Kuma ka san sunanka yana cikin waɗanda za a ƙara wa girma bana."

Yosiya ya san abin da shirun yake nufi. Gawar da aka kira ta ɗan fashi ba a miƙa wa dangi da sauƙi. Tana nan a mutuware har ranar da za a haɗa ta da wasu a binne, ba wanka ba salla. Sunan kuma ba ya shiga ƙasa tare da ita. Zai bi rugar, ya bi uwar, ya jira abin da ke cikin Umaima ya fito ya hau kansa.

Kada mai karatu ya ɗauka Saja Yosiya ya buga tebur ya yi jawabi. Bai yi ba. Ya ce, "To, yallaɓai," ya sara, ya fita. Mutum ne, kuma yana son Monday. Yana son ƙarin girman ma, ga 'yan mata uku a makaranta.

Washegari Lahadi, da sassafe, gidan ya yi tsit. An bar Monday ya dawo gida ya huta, amma ko ruwa bai sha ba. Da Yosiya ya fito tsakar gida sai ya faɗi ya rungume ƙafafunsa. "Papa, abeg. Papa, abeg." Abin da yake ta maimaitawa ke nan.

Priskila tana tsaye a ƙofar kicin, idonta ya kumbura. Ta kira mijinta da sunan 'yarsu ta fari. "Baban Judit, ni ban san doka ba. Abin da na sani, uwar yaron nan ta aiko mini da garin rogo da manja daga garinsu, ta ce ta bar mini amanarsa. Me zan ce mata?"

Ba ta rufe baki ba aka yi sallama a waje. Monday ya tashi ya faɗa ɗaki. Yelwa ce, da ƙwaryarta a ka kamar kullum. Sai da ta sauke aka ga babu nono a ciki, farin ƙyalle ne a ninke, likkafani. Ta je ofishin 'yan sanda an ce mata ɗanta ɗan fashi ne, ta je asibiti mai gadi ya ce ba shi da izini. Ba ta san cewa wanda ya yi harbin shi ne saurayin da take ƙara wa nono ba, ba ta kuma san yana bayan labulen da ke gabanta ba. Ta ƙi shigowa, ta tsaya a bakin zaure, idonta a bushe.

"Saja, an ce kana wurin."

"Ina wurin, Inna."

"An ce wai ɗan fashi ne."

Yosiya ya sunkuyar da kai. Sai ta ci gaba a hankali, da Hausarta mai gargadar Fulatanci.

"Ka sani, ɗan fari ne. Tun da na haife shi bakina bai taɓa kiran sunansa ba, kunya ta hana. To sunan da ni uwarsa na ji nauyin kira, shi ne za a cire a sa masa wani? Ni ban zo neman kowa da sharri ba. Ku ba ni shi in rufe. Amma da sunansa."

A jikin bangon zauren akwai sanda da takalman roba. Yosiya ne ya tsince su a bakin titi jiya, bai ma san dalilin da ya sa ya kawo su gida ba. Ya ga idon Yelwa ya sauka a kansu ya tsaya, sannan ta kawar da kai. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya sa kaki.

Ya shiga ɗakin Monday, ya zauna a bakin katifa, ya yi masa magana da Turancin buroka don kada kalma ɗaya ta wuce shi. Ya ce zai faɗi abin da ya gani, duka. Zai faɗi cewa tsoro ne ba mugunta ba. Zai faɗi cewa an ba shi bindiga a ƙasar da bai san gaisuwarta ba, ba wanda ya koya masa, har shi da yake kwana gida ɗaya da shi. Amma ba zai ce Jalo yana da bindiga ba, kuma ba zai yi shiru a ce ba.

Monday ya dube shi ya ce, "Papa, ashe kai ne za ka kashe ni."

Ranar Yosiya bai je coci ba. Ya sa kaki, ya ɗaure sandar da takalman a bayan babur. Bai bi ta bayan fage ba, shugabansa ya fara samu ya gaya masa ido da ido cewa hedikwata zai tafi.

"Saja, ka san abin da kake yi wa kanka?"

"Na sani, yallaɓai. Amma ni ya zo gaisarwa."

A gaban manyan da suka zauna binciken, ya ajiye takalman a ƙasa gefe da gefe, yadda mai su ya bar su. Ya ce wanda ya zo kashe ka ba ya tsayawa tuɓe takalmi. Sannan ya faɗi sauran, kamar yadda ya yi wa Monday alkawari, bai rage nasa laifin ba. Bindigar ɗakin kayan shaida ba ta fito ba. Aka saki gawa, aka rubuta sunan Jalo a matsayin makiyayin da aka harbe bisa kuskure.

Shi ya raka gawar har ruga, da kaki, ba bindiga. Abokan aikinsa sun ce ya haukace, ba zai dawo da rai ba. Samarin rugar kuwa sun tare hanya da sanduna, ransu a ɓace, sai da Arɗo ya daka musu tsawa. Da aka tsaya salla Yosiya ya koma gefe, ya cire hula ya maƙale a hammata. Da aka gama rufewa ya zauna a ƙasa cikin masu zaman makoki, aka miƙo masa ruwa a ƙwarya ya sha.

An kori Monday daga aiki, kotu ta ɗaure shi bisa kisa ba da niyya ba. Ba a rataye shi ba, kuma shaidar Yosiya ce ta tsaya masa a nan ma, ko da yake shi bai ga haka ba a lokacin. Duk wata Yosiya yakan ɗauki kular abincin Priskila ya tafi gidan yari. Monday yana karɓar abincin, amma ya ƙi fitowa ya gan shi. Haka dattijon zai zauna a kan benci har lokacin ziyara ya ƙare, ya karɓi kular da ba komai ya dawo. Da Monday ya fito sai ya koma garinsu, yanzu yana sayar da kayan gyaran babur. Yana kiran Priskila duk Kirsimeti. Sai bara ne, yana shirin kashe waya, ya ce, "Mama, a gaishe da Papa." Priskila ta ce da ta isar da saƙon, mijinta ya shiga ɗaki ya daɗe bai fito ba.

Ƙarin girman kuwa ya zo ya wuce, na bayansa ma ya wuce. Aka yi ta jefa shi ƙauyukan da ko wutar lantarki babu. A wurin aiki in ya shigo sai hira ta mutu, kwano ɗaya da ake ci tare aka daina kiransa. Abin da ya fi masa ciwo shi ne na coci, inda wasu suka riƙa cewa ya sayar da ɗan'uwa saboda Bafulatani. Ita kanta Priskila ta daɗe tana ajiye masa abinci ba magana. Amma ba ta daina sayen nonon Yelwa ba. Yelwa kuma, da ta ji ko wane ne ya yi harbin, ba ta daina zuwa ba, kuma har yau matan biyu ba su taɓa tayar da zancen ba.

Kai ne, Baba, ka tsaya tsakanin 'ya'ya biyu da duk suke kiranka uba, ɗaya a kwance ɗaya a raye, ka ƙi ka ceci mai ran da sunan mamacin. Mun san ba da sauƙi ka yi ba. Sa'o'inka sun yi tumbi, sun gina benaye a Mararaba da Masaka, kai ka ƙare da igiyar Sufeto da ta zo a makare da babur mai tari. Ba mu ji daɗin yadda aka yi maka ba, kuma ba za mu ɓoye ba.

Da aka gaji da jefa shi aka dawo da shi Keffi, sai ya ɗauko wani aiki da ba wanda ya ba shi. Duk sabon ɗan sandan da aka turo daga nesa, kafin ya tsaya a shinge sai Baba ya goya shi a babur sun zaga. Kofur Scholastica, wadda aka turo daga gabas, tana dariya in tana ba da labarin.

"Ni na ɗauka fatrol za mu je. Sai ga mu a kasuwar shanu. Ya ce, 'Tsaya ki kalli hannuwansu.' Daga nan Jigwada, daga nan ruga, daga nan wani ƙauyen Gwandara. Ya nuna mini yadda manomi yake sauke fartanya in zai gaisa, yadda tsohuwa take kwance bakin zani in za ta ciro katin shaida, yadda saurayin Fulani ba ya kallon babba cikin ido, ba don yana da laifi ba. Na ce, 'Oga, wannan duk aikin ɗan sanda ne?' Ya ce, ''Yata, wanda ba ki san gaisuwarsa ba, komai ya yi tsoro zai ba ki. Kuma mai tsoro da bindiga a hannu, Allah ya kiyaye.'"

Idris, wanda yanzu shi ne shugaban 'yan acaɓa a wata tasha ta Sabon Gari, shi ma yana da nasa. Yana matashi, ba shi da takardun babur, ya ga shinge ya tsorata ya murɗa wuta ya keta.

"Wallahi ina jin ƙarar da bindiga take yi in an ɗana ta a bayana. Na ce shi ke nan. Daga baya aka gaya mini Baba ne ya danne bakin bindigar ƙasa, ya ce, 'Bar shi. Ina za shi? Na san uwarsa, waina take soyawa a bakin masallaci.' Da safe ina shan shayi sai ga shi a kaina. Ya ja kunnena har ofis, na biya tara, na sha faɗa. Yau 'ya'yana huɗu."

Kada a ɗauka Baba yana cewa a ajiye bindiga a rungumi ɓarayi. Ya binne abokan aiki da yawa, kuma a cinyarsa ta hagu akwai tabon harsashi da ya samu a wata arangama da 'yan fashi a hanyar Akwanga, ranar da shi ma ya harba bai yi nadama ba. Abin da yake gaya wa yaransa kullum shi ne, akwai ranar da ba makawa sai an harba. Amma in ka harba, ka tsaya a wurin, ka faɗi sunanka, ka faɗi dalilinka a gaban masu tambaya. In dalilin naka gaskiya ne zai tsaya da ƙafarsa, ba sai an ɗauko masa bindiga daga wani ɗaki ba.

Ranar Asabar da ta wuce aka yi masa 'yar walimar ritaya a filin wata makarantar firamare a Sabon Gari. Kanofi biyu ne, kujerun haya, lasifika mai shaƙewa. Manyan da aka gayyata yawancinsu sun aiko da uzuri. Amma 'yan acaɓa sun zo, matan kasuwa sun zo, mawaƙan coci sun zo, har da waɗanda suka yi masa gori a da, yanzu furfura ta sa sun manta. 'Yan sanda matasa da ya goya a babur sun jeru a gefe, wasunsu da bindigogi a kafaɗa don daga aiki suka biyo.

Ana cikin jawabai sai wani babur ya tsaya a bakin fili. Wani dogon saurayi ya sauke wata tsohuwa a hankali. Yelwa ce, ta rame, ta ranƙwafa, amma ƙwaryar tana kanta. Saurayin kuwa Jamaluddeen ne, ɗan Jalo, wanda aka haifa bayan an rufe ubansa. A bayansa akwai sanda a rataye, ta yi baƙi don tsufa. Yosiya yana ganinta ya gane ta, don shi ya mayar da ita ruga da hannunsa.

Ya taso da sauri ya tare su. Yelwa ta ɗaga masa hannu. Har yau Saja take kiransa, ba ta san an sauya ba, ko kuma ba ruwanta.

"Saja, tsaya nan. Na ji an ce tun ranar nan ba ka bari a durƙusa maka."

"Haka ne, Inna."

"To yau za ka bari. Yaron nan ya fara gaishe ka, ba ka amsa ba. Ga ɗansa na kawo, zai ƙarasa."

Jamaluddeen ya matso. Ya kai hannu baya ya zaro sandar, a gaban 'yan sanda masu bindiga, ba wanda ya motsa ko yatsa. Ya ajiye ta a ƙasa. Ya zare takalmansa ya jera su gefe da gefe, ya durƙusa.

"Baba, ina wuni?"

Hannun Yosiya ya miƙa da kansa zai kama kafaɗar, kamar yadda ya saba. Kowa ya ga lokacin da ya tsaya a iska. Sai dattijon ya janye shi, ya dafa gwiwarsa mai ciwo, ya sauka ƙasa shi ma da karin wandonsa da komai, har fuskarsa ta yi daidai da ta saurayin. Hawaye na bin kumatunsa, bai share ba.

"Lafiya lau, ɗana. Ya hanya? Ya shanu?"

"Lafiya lau, Baba."

Priskila ta rufe fuska da gyale. Yelwa kuwa ta juya baya tana gyara faifan ƙwaryarta, ta daɗe tana gyarawa.

Mun gode, Sufeto Yosiya. Mun gode a madadin Idris da 'ya'yansa, da duk wanda ya keta shinge don tsoro ya kwana a gidansu, da saurayin da ya girma ana kiransa ɗan Jalo makiyayi. Ku kuma da aka damƙa wa bindiga a kan hanyoyinmu, musamman ku da aka kawo daga nesa, babur ɗin Baba ya daina zagaye. Ya rage naku ku goya na bayanku ku kai su kasuwa da ruga, kuma ranar da hannu ya riga hankali, ku tsaya ku faɗi gaskiya ko da a kan na gida ne.

Kai kuma, Baba, Allah ya ba ka hutu mai albarka, ya sa fanshonka ya fito kana da ƙarfin cinsa. An ƙarasa gaisuwar, ka amsa. Yanzu sai ka tashi.